MURA DA INFULUWENZA: Abin da Ake Faɗa da Abin da Yake Gaskiya

Gabatarwa

Babu gidan da mura ba ta shiga a ƙasar nan, tun daga Sakkwato har Kalaba. Likitoci sun ƙiyasta cewa baligi yakan yi mura sau biyu ko uku a shekara, yaro ƙarami kuwa sau shida zuwa takwas. Saboda wannan sabo, kusan kowa ya zama likitanta. Da zarar mutum ya yi atishawa sau biyu a cikin jama'a, sai a shiga gaya masa abin da ya jawo masa da abin da zai sha.

Daga cikin waɗannan shawarwari akwai marasa illa, akwai masu cin kuɗi a banza, akwai kuma waɗanda suke kai mutum kushewa. Asarar da ake yi iri biyu ce. Ta farko, ana ɗura wa mai mura magungunan da ba ya bukata. Ta biyu, ana zaunar da mai ciwo mai tsanani a gida, ana cewa ai mura ce, za ta wuce. Nufin wannan ɗan littafi shi ne mai karatu ya iya rarrabe murar da haƙuri da hutu suke isarta, da ciwon da yake bukatar a garzaya asibiti.

Mece ce mura, mece ce kuma infuluwenza?

Ƙwayoyin cutar da suka fi damun ɗan Adam manyan iri biyu ne, watau bakteriya da bairos. Bakteriya halitta ce mai rayuwar kanta, tana ci tana hayayyafa, ana kuma ganinta da madubin likita. Bairos ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ba ya iya hayayyafa sai ya kutsa cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum ya mai da su masana'antarsa. Ya kamata a riƙe wannan bambanci da kyau, gama a kansa yawancin bayanin da ke tafe ya dogara.

Bairos ne yake kawo mura, kuma irinsa ya wuce 200. Wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne rainobairos, wanda aka gano a Amurka a 1956. Yawan nan nasu shi ya sa mutum ba ya yin mura sau ɗaya ya huta har abada: jiki ya koyi yaƙar wannan iri, gobe wani dabam ya zo. Mura takan fara a hankali, da ƙaiƙayin maƙogwaro, atishawa, yoyon hanci ko toshewarsa, sa'an nan tari. Takan wuce cikin kwana 7 zuwa 10, ko da yake tarin yakan ɗan jima bayan haka.

Infuluwenza, wadda wasu suke kira babbar mura, wani bairos ne dabam yake kawo ta, wanda aka gano a London a 1933. Ita takan faɗo wa mutum farat ɗaya: zazzaɓi mai zafi, rawar ɗari, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, busasshen tari da kasala mai kwantarwa. Mai mura yakan lallaɓa ya je gona ko ofis, amma mai infuluwenza sau da yawa ko tashi daga shimfiɗa yakan gagare shi.

Kuskure na ɗaya: Sanyi ne yake kawo mura

Wannan shi ne mafi daɗewa. Ana ɗora laifin a kan wanka da ruwan sanyi, shan ƙanƙara, kwana a ƙarƙashin fanka, ko dukan ruwan sama. Masana sun gwada wannan magana. A garin Solsbiri na Ingila an buɗe wata cibiyar binciken mura a 1946, ta yi aiki fiye da shekara 40, dubban mutane kuma suka ba da kansu don a yi gwaji. A wani gwajin an sa mutane sun yi wanka, suka tsaya rabin sa'a a jiƙe a wurin da iska take kaɗawa, sa'an nan suka yi sa'o'i da jiƙaƙƙiyar safa a ƙafa. Waɗanda aka sanyaya kawai, ba a ɗiga musu bairos a hanci ba, ba su yi mura ba.

Akwai kuma labarin tsibirin Sfitsbajin na ƙasar Norwe, can kusa da ƙarshen duniya ta arewa. Likitocin da suka zauna a wani ƙaramin garin masu haƙar kwal a can a 1930 da 1931 sun lura cewa a tsakiyar ɗari, lokacin da ƙanƙara ta rufe teku babu jirgin da yake zuwa, mura ta kusa ɓacewa daga garin. Da sanyi ya sassauta jirgin farko ya iso da baƙi, cikin 'yan kwanaki sai mura ta game gari. Da sanyi ne yake haifar da ita, ai da a watannin ɗari za ta fi ƙamari.

To, me ya sa take yawaita da hunturu? Dalilan suna nan. Da sanyi jama'a sukan cunkushe a ɗaki ɗaya, a rufe ƙofa da taga, kowa yana shaƙar numfashin ɗan'uwansa. Busasshiyar iska da ƙurar hazo suna busar da fatar cikin hanci, wadda ita ce katangar farko ta jiki. Bairos ɗin infuluwenza ya fi daɗewa da ƙarfinsa a cikin iska mai sanyi marar laima. Bincike ya kuma nuna rainobairos ya fi hayayyafa a ɗumin cikin hanci, wajen digiri 33, bisa ga digiri 37 na cikin jiki. Watau sanyi yana iya share wa cutar hanya, amma ita cutar daga wani mutum take fitowa: ta tari, ta atishawa, ta magana kusa da kusa, ko ta hannun da ya taɓa majina sa'an nan ya taɓa hanci ko ido. A ƙasashe masu zafi irin tamu ana yin mura da infuluwenza a kowane lokaci na shekara, har da tsakiyar bazara.

Kuskure na biyu: Kafso yana kashe mura

Mutane da yawa da sun ji mura sai su nufi kemis su ce a ba su kafso, mai ja da rawaya ko mai ja da baƙi, ko a haɗa musu. Waɗannan su ne magungunan da likitoci suke kira antibayotik. An yi su ne don bakteriya: wasu suna rusa bangon jikinta, wasu suna hana ta gina abin da take rayuwa da shi. Bairos ba shi da wannan bango, saboda haka maganin ba ya samun abin da zai kama. Wanda ya sha kafso ya warke bayan mako guda, da ma ko bai sha ba lokacin warkewarsa ke nan.

Shan nan na banza yana da illa. Yana kawo gudawa, amai da ƙuraje, wani kuma jikinsa ya ƙi maganin har numfashi ya sarƙe. Babbar illar kuwa ita ce, duk lokacin da aka sha shi, bakteriya masu rauni da suke zaune a jiki sukan mutu, masu taurin kai su rage, su hayayyafa, su kuma bazu zuwa ga wasu mutane. Ranar da ciwon gaske ya zo, kamar taifot ko ciwon huhu, sai a tarar maganin ya daina ci. Alekzanda Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi a kan haka tun 1945. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya saboda bakteriyar da ta bijire wa magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara.

Wasu sukan kafa hujja da launin majina, su ce tun da ta zama ruwan ɗorawa ko kore, lalle sai da kafso. Launin nan daga fararen ƙwayoyin jini yake fitowa, watau sojojin jiki da suke bakin aiki, kuma abu ne da aka saba gani a kwana na uku ko na huɗu na mura. Likita ne zai duba ya ce ko bakteriya ta biyo baya a kunne, a maƙogwaro ko a huhu.

Kuskure na uku: Allura ta fi ƙwaya

Babu allurar da take warkar da mura. Allurar da wanda bai ƙware ba ya yi tana iya jawo ƙurji a wurin, ko ta taɓa jijiya ta shanye wa yaro ƙafa. In kuwa an yi wa wani da ita a baya, tana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau. Kada a matsa wa malamin asibiti sai ya yi allura. Wanda ya ce maka ka je ka huta ka sha ruwa, aikinsa ya sani.

Kuskure na huɗu: Infuluwenza ai mura ce kawai

Tarihin ƙasar nan ya isa amsa. A watan Satumba na 1918, ana gab da ƙare Yaƙin Duniya na Ɗaya, jirgin ruwa ya sauke marasa lafiya a Ikko. Daga nan annobar ta bi hanyar jirgin ƙasa, ta bi koguna da hanyoyin fatake, cikin 'yan makonni ta isa Arewa, inda dattawa suka riƙa tunawa da ita da sunan marisuwa. Masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe wajen mutum 500,000 a Nijeriya, a lokacin da jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba. A duniya baki ɗaya ana ƙiyasta wajen miliyan 50, da yawansu samari da 'yan mata masu jini a jika. An sake yin irin wannan annoba a 1957, 1968 da 2009, ko da yake ba su kai ta farkon ɓarna ba.

Ko a shekarar da babu annoba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa infuluwenza tana kwantar da mutum miliyan 3 zuwa 5 rai a hannun Allah, tana kuma kashe tsakanin 290,000 da 650,000. Waɗanda ta fi yi wa lahani su ne yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi, mata masu ciki, da masu ciwon sukari, asma, ciwon zuciya, amosanin jini ko ƙanjamau. Irin waɗannan in ta kama su, a kai su asibiti da wuri, domin akwai maganin da yake rage ƙarfinta, amma ya fi aiki in an fara shi cikin kwana biyu na farko. Cutar korona, wadda ta shigo Nijeriya a watan Fabrairu na 2020, ita ma takan fara kamar mura ko infuluwenza, kuma gwaji ne yake rarrabe su.

Kuskure na biyar: Kowane zazzaɓi na cizon sauro ne

Nan kuskuren fuska biyu gare shi. Wani yana da infuluwenza ya sayi maganin zazzaɓin cizon sauro ya sha a banza. Wani kuma zazzaɓin cizon sauron ne, amma don ya zo da ɗan tari sai a ce mura ce, har ya taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada jini kafin a ba da maganin. Ɗigon jini ɗaya ake ɗauka a yatsa, sakamakon kuma yana fitowa cikin minti 15 zuwa 20.

Akwai sauran cututtuka masu shigowa da rigar mura. Ƙyanda takan fara da yoyon hanci, tari da jan ido kafin ƙuraje su fito. Mashaƙo, wanda ya ɓarke a Kano da wasu jihohi daga ƙarshen 2022, yakan fara da ciwon maƙogwaro, sa'an nan wuya ya kumbura. Sanƙarau yakan zo da zazzaɓi da ciwon kai a lokacin rani, wuya ya sandare. Tarin da ya kai mako biyu kuwa, tilas a gwada shi don tarin fuka, kuma gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe.

Kuskure na shida: A hana shi wanka, a rage masa ruwa, a rufe shi ya yi gumi

Gumi ba ya fitar da bairos. Lulluɓe mai zazzaɓi da barguna yana ƙara masa zafin jiki, yana kuma ƙarar da ruwan jikinsa. Wanka da ruwa mai ɗumi ba ya ƙara mura. Mai mura yana bukatar ruwa fiye da kullum, da abinci gwargwadon yadda zai iya ci. Jariri kuwa a ci gaba da ba shi nono, a ma ƙara yawan bayarwa.

Mafi haɗari shi ne kwana da kaskon garwashi a ɗakin da aka toshe. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba, marar launi marar wari, wadda takan kashe mutane cikin barci. Haka ma hayaƙin janareta. Hayaƙin itace kuma yana raunana huhun yara.

Kuskure na bakwai: Maganin babba, in an rage, ya yi wa yaro

Kada a ba wanda bai kai shekara 16 ba asfirin in yana mura ko infuluwenza, gama yana iya jawo wani ciwo mai lalata hanta da ƙwaƙwalwa. Ruwan maganin tari na kemis bai dace da yaro ɗan ƙasa da shekara 6 ba sai da izinin likita. Mai kodin a ciki kuwa Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a watan Mayu na 2018, saboda yadda ya lalata matasa. Zuma tana sassauta tari, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba. Kada a cusa man zafi ko kafur a hancin jariri. Cire beli da wanzami yake yi ba ya maganin tari, sai dai ya jawo zubar jini, ko ciwon tetanos mai sandarar da jiki.

Manya ma su kula da farasitamol. Yawancin magungunan mura na haɗi suna ɗauke da shi, to, wanda ya sha su ya kuma ƙara da farasitamol ya ninka ke nan bai sani ba. Baligi kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a cikin sa'a 24, domin wuce haka yana lalata hanta.

Kuskure na takwas: Bitamin C yana hana mura

Wannan ra'ayi ya bazu ne bayan 1970, lokacin da wani shahararren masanin kimiyya na Amurka, Lainos Polin, ya rubuta littafi a kai. Gwaje-gwajen da aka yi bayansa a kan dubban mutane sun nuna cewa shan ƙwayar kullum ba ya hana yawancin mutane kamuwa, sai dai ya ɗan rage kwanakin ciwon. Lemo, gwaiba, mangwaro da tumatir sun wadatar. Shayin citta da lemun tsami da farfesu mai zafi suna sa maƙogwaro ya ji daɗi, babu laifi a sha, amma jiki ne da kansa yake gamawa da bairos.

Kuskure na tara: Rigakafi yana sa ciwon

Allurar rigakafin infuluwenza ba ta ɗauke da bairos mai iya sa ciwo. Abin da akan ji shi ne ɗan ciwo a dantse, ko ɗan ɗumin jiki na kwana ɗaya ko biyu. Tana ɗaukar mako biyu kafin ta fara kariya, kuma ba ta hana mura ta yau da kullum. Ana sabunta ta kowace shekara domin bairos ɗin yana sake kama, kuma tun 1952 akwai ɗakunan gwaji a ƙasashe da dama da suke bin sawunsa a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya. Rigakafin yara na yau da kullum, wanda ake yi kyauta, yana kare su daga ƙyanda, mashaƙo, tarin shiƙa da wasu bakteriya masu kawo ciwon huhu. Iyaye su tabbata an cika katin.

Alamun da suke cewa a tafi asibiti yanzu

Ciwon huhu, wanda ake kira namoniya, shi ne babban abin tsoro a bayan mura. Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2018 ya kashe yara 162,000 'yan ƙasa da shekara 5 a Nijeriya, fiye da kowace ƙasa. Kowace uwa da kowane uba suna iya gane shi. In yaro ya natsu, a ɗaga rigarsa, a dubi agogo, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif. Numfashi ya yi sauri in ya kai 60 ga wanda bai kai wata 2 ba, 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5.

Haka kuma kada a jira wayewar gari in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ƙasan ƙirjin yaro yana lotsawa ciki in ya ja numfashi.
2. Ya ƙi nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya sha.
3. Jijjiga, ko barcin da ake shan wahala kafin a tashe shi.
4. Zazzaɓi ga jaririn da bai kai wata 3 ba.
5. Wuya ya sandare ko ya kumbura.
6. Ga babba: numfashi da ƙyar, ciwon ƙirji, ruɗewa, ko jini a cikin kaki.
7. Zazzaɓin da ya wuce kwana 3, ko ciwon da ya yi sauƙi sa'an nan ya dawo da ƙarfi.

Abin da ya kamata a yi

In babu ko ɗaya daga cikin alamun nan, mai mura ya huta a gida, ya sha ruwa da kunu da romo, ya sha farasitamol bisa ƙa'ida in jiki yana ciwo. Kurkure maƙogwaro da ruwan gishiri mai ɗumi yana taimaka wa babba. Ya rufe baki da hanci da hankici ko da lanƙwasar gwiwar hannu in zai yi tari ko atishawa, kada ya tofar da kaki a inda jama'a suke. Kowa a gidan ya riƙa wanke hannu da sabulu. A bar taga a buɗe ko da kaɗan ne. Kada a ɗauki jariri ko a matsa kusa da tsoho alhali ana mura. Mai shan taba ya sani hayaƙinsa yana cutar da duk wanda yake ɗakin. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, a nan kuwa rigakafin bai fi ƙarfin kowa ba.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin bakteriya da bairos, kuma wanne ne yake kawo mura?
2. Kawo dalilai uku da suke sa mura ta yawaita da hunturu.
3. Wace illa shan kafso ba bisa ƙa'ida ba yake yi wa sauran jama'a?
4. Numfashi nawa a minti ɗaya ne ya yi yawa ga yaro ɗan wata 8?
5. Waɗanne mutane ne infuluwenza ta fi yi wa lahani?

Ana roƙon malaman makaranta, limamai, shugabannin coci, masu unguwanni da ƙungiyoyin mata su bayyana wa jama'arsu abin da yake cikin wannan ɗan littafi. Wanda ya karanta kuma ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman sashen alamun tafiya asibiti.